Kawuna ya ce in sauya samfurin riɗin da za a kai gwaji

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina aiki a kamfanin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifinmu, ya biya mini kuɗin makaranta har na gama jami'a. Riɗi muke saye mu gyara mu fitar waje, kuma ni ne mai kula da ingancin kaya. Muna da kwangilar kwantena uku da wani kamfani a Turai. Gwajin da muka yi ya nuna akwai ragowar fiya-fiya a riɗin, miligiram 0.07 a kowane kilo, su kuwa ba sa karɓar abin da ya haura 0.01. Kawu ya ce in ɗebi samfuri daga wani riɗin mai tsabta da muke da shi in kai ɗakin gwaji, takarda ta fito da kyau, in sa hannu. Ya ce wannan ɗan abin ba ya kashe kowa, tsananin Turawa ne kawai, alhali su suke sayar mana da magungunan. Ya ce akwai bashin banki a kanmu, ga ma'aikata wajen 40, yawancinsu mata masu tsinta, in kwangilar ta rushe kowa zai rasa abinci. In kuma na ƙi, zai zuba kayan a kasuwar gida. A jami'a an koya mana cewa wasu masana sun ce abin da ya fi amfanar jama'a shi ne daidai, wasu kuma sun ce ƙarya ba ta halatta ko ta halin ƙaƙa. Yanzu kowane yana jana ɓangarensa. Ga shi ina jin nauyin a ce na yi wa wanda ya raine ni butulci. Me zan yi?

Wani matashi daga Kano

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya ji ƙan mahaifinka, Ya saka wa kawunka da alheri bisa riƙon da ya yi maka. Amsata a kan abin da ka tambaya guda ce, kada ka sauya samfurin nan, kada ka sa hannu. Amma in na tsaya a nan na bar ka da kwantena uku da kawu mai fushi da banki mai jira, don haka bari mu bi maganar daki-daki, har mu kai ga yadda za a yi da kayan.

Zan fara da ba kawu haƙƙinsa, domin ba duk abin da ya faɗa ne shirme ba. Wannan 0.01 ɗin ba ita ce iyakar da mutum zai ci ya faɗi ba. Ita ce iyakar da Tarayyar Turai take sanya wa yawancin magungunan ƙwarin da ba ta amince da amfani da su ba, wato kusan ƙaramin abin da na'ura za ta iya ganowa. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya, dichlorvos, yana cikin waɗanda ba ta amince da su ba. Saboda haka wuce iyakar ba lallai ne ya zama guba nan take ba, ko da yake sinadari ne mai taɓa jijiyoyi, kuma tara shi a jiki a kai a kai ba abin wasa ba ne. Haka nan gaskiya ne cewa kamfanonin Turai sun daɗe suna haɗa magungunan da aka haramta a gonakinsu suna sayar wa ƙasashenmu, har sai da Faransa ta fara hana hakan a 2022. Duk wanda ya ce akwai son kai a wannan tsari bai yi ƙarya ba. Sai dai wannan ƙorafi ne da ake kai wa teburin gwamnatoci da ƙungiyoyin masu fitar da kaya. Shi kamfanin da ya ƙulla ciniki da ku ya faɗi abin da yake so, kun ce kun yarda, kun sa hannu. Laifin da ƙasarsa ta yi bai ba ku izinin ku yaudare shi ba.

To mu zo kan karatun jami'a da ya ɗaure maka kai. Ra'ayin farko na Jeremy Bentham ne da John Stuart Mill, masanan Ingila na ƙarni na 18 da na 19, cewa ana auna aiki da sakamakonsa, wanda ya fi kawo amfani ga mafi yawan mutane shi ne daidai. Kawu yana ganin wannan ra'ayi na bayansa, ga mutum 40 a gefe guda, ga ɗan ragowar magani a ɗaya gefen. Amma lissafin nasa a gajarce yake. Masu wannan ra'ayi sun ce a ƙirga duk wanda abin zai shafa, na kusa da na nesa, kuma a duba yiwuwar abin ya auku. Mai saye a Turai ba ya dogara da takardarku kaɗai. Yawancinsu suna sake gwaji idan kaya ya sauka, hukumomin tashar jiragen ruwa ma suna ɗiban nasu samfurin, kuma riɗin Najeriya na cikin kayan da aka ƙara wa sa ido saboda ƙwayar cutar salmonella. Idan aka kama kayan, ana shigar da shi cikin tsarin gargaɗin gaggawa da suke kira RASFF, duk ƙasashen Tarayyar su gani. Daga nan ko a lalata kayan ko a maido shi, kuma kuɗin ajiya a tasha da na dako da na lalatawa duk a wuyanku. Kuɗin kayan ba zai shigo ba, ga fom ɗin NXP, wato takardar rajistar fitar da kaya waje, da kuka cike yana jiran ku nuna wa Babban Banki kuɗin da ya dawo cikin kwana 180. Matan nan 40 da ake son a kare, a wannan hanya ce aikinsu ya fi shiga haɗari.

Kuma abin bai tsaya a kanku ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya gaba ɗaya, saboda wannan sinadarin dai na fiya-fiya da aka yi ta samu a kayan da ake kaiwa. Da farko na shekara guda aka ce, a 2016 aka ƙara shekara uku, aka ci gaba da tsawaitawa. Manomin da bai taɓa zuba wa wakensa komai ba, shi ma ƙofa ta rufe masa. Wake ɗaya ke ɓata gari. A 2020 kuma aka gano sinadarin ethylene oxide a riɗin Indiya a Beljiyam, aka janye dubban kayayyakin abinci daga shaguna a faɗin Turai, aka ƙaƙaba wa riɗin Indiya sababbin sharuɗɗa. Idan ka sa manoman Maigatari da Malam Madori da na Nasarawa da Binuwai a ma'auni, da 'yan dako da dillalan Dawanau, sai ka ga ra'ayin amfanin jama'a ma ba ya tare da kawu.

Ra'ayi na biyu na Immanuel Kant ne, Bajamushen da ya rasu a 1804. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka tambayi kanka ko za ka yarda abin da kake shirin yi ya zama ƙa'idar kowa. Da kowane mai fitar da kaya zai sauya samfuri duk lokacin da ya matsu, da takardar gwaji ta zama takardar banza, ba mai saye da zai kalle ta. Dabarar kawu tana aiki ne kawai don akwai wasu da suke faɗin gaskiya, shi kuma zai raɓe a bayan amanar da suka gina. Kant ya kuma ce kada ka mai da mutum kayan aiki zalla. Mai sayen yana da haƙƙin ya san abin da zai saya ya yanke wa kansa shawara, ya karɓa ko ya ƙi ko ya nemi rangwame. Takardar bogi ƙwace masa wannan zaɓi take yi.

Akwai na uku da ba ka ambata ba, kuma a ganina shi ya fi shafar ka kai da kanka. Aristotle, masanin Girka na zamanin da, ya ce hali da maimaici ake gina shi, Imam Gazali ma ya bayyana ɗabi'a da cewa yanayi ne da ya kafu a zuciya har aiki yake fitowa daga gare shi ba tare da wahala ba. Aikinka gaba ɗaya shi ne ka zama mutumin da in ya ce kaya ya yi, to ya yi. Na farkon ne yake da wuya. In ka yi shi, kaka mai zuwa da aka samu irin wannan matsala ba za a ma tsaya roƙonka ba, za a ce ka yi yadda ka yi bara.

Duk wannan, malamanmu sun riga sun yi magana a kai da harshen da kawu zai fi saurare. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Kano tun kaka da kakanni, babin ciniki ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi da gauraya mummuna da kyakkyawa. A Sahihu Muslim, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci ya sa hannu ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Sauya samfuri shi ne wannan tsibin, an ɗora busasshe a sama. Maganar cewa ai Turawa ne, aya ta 75 a Suratu Ali Imrana ta zargi mutanen da suke cin amanar wanda ba nasu ba suna cewa babu laifi a kansu. Idan kuma aka kawo maka zancen larura, ƙa'idar fiƙihu ta ce matsuwa ba ta soke haƙƙin wani. Bashin banki matsuwa ce ta gaske, amma ba mai saye ne zai biya ta da rashin sani ba.

Saura batun butulci, wanda na san shi ne yake hana ka barci, ba Kant ba. Abin da kawu ya yi maka ba ya biyuwa, kuma kana da nauyin ka tsaya masa a wannan hali fiye da kowane ma'aikaci. Amma dubi yadda Suratu Luƙman ta tsara lamarin iyaye ma, waɗanda haƙƙinsu ya fi na kawu, aka ce kada a bi su cikin saɓo, kuma a zauna da su da kyautatawa. Biyun tare ake riƙe su. Sannan ka tuna hannun wa zai hau takardar. Ƙirƙirar takardar bogi da karɓar kuɗi ta hanyar yaudara laifuka ne a dokar Najeriya, kuma in bincike ya tashi, sunanka da nasa za a fara kira. Tsare shi daga wannan yana cikin rama alheri.

Yanzu ga aikin da za ka sa a gaba, kuma ka fara shi tun kafin ka sake zama da kawu, don kada ka je masa da "a'a" kawai. Kwantena uku na riɗi wajen tan 57 ne, tunda kowace mai ƙafa 20 tana ɗaukar tan 19. Da wuya a ce duk daga hannu ɗaya aka saye shi. Sakamakon 0.07 da ka samu, in daga gaurayayyen samfuri ya fito, yana iya yiwuwa kaso ɗaya ne ko biyu suke da maganin da yawa suka ɓata sauran. Koma kan littafin sito ka raba kayan bisa dillalin da ya kawo, da ranar da aka sauke, da motar da ta kawo. In ba a riga an zuba shi duka a injin gyara an haɗe ba, ɗebi samfurin kowane kaso daban, da bututun ɗiba, daga buhunan sama da tsakiya da ƙasa da na jikin bango, ba daga bakin ƙofa kaɗai ba. Ka haɗa na kowane kaso ka raba uku, ɗaya ya tafi gwaji, ɗaya ka rufe ka ajiye, ɗaya na mai saye in ya nema. Ka kai ɗakin gwajin da yake da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakunan gwaji ta duniya, wanda kuma na'urarsa ke iya gano 0.01, domin wasu ba sa kaiwa nan. Abin da ya fito da tsabta ya halatta ka tura shi da zuciya ɗaya, ka cike giɓin da wancan riɗin mai kyau da kawu yake so a ɗebi samfuri a cikinsa.

Ka kuma binciki inda maganin ya shigo. Sau da yawa ba a gona ba ne. Ko an fesa wa sito ne saboda ƙwari da kayan a ciki, ko an yayyafa wa buhuna, ko an yi amfani da tsofaffin buhunan wake, ko motar da ta yi dako ta taɓa ɗaukar kayan da aka fesa. In daga sitonku ne, duk abin da kuka sake zubawa a ciki zai ɗauka. In daga dillali ne, kuna da haƙƙin mayar da kaya ko neman ragi saboda aibi, kuma shugabannin kasuwa sun saba raba irin wannan gardama.

Kason da ya gurɓata kuwa, dichlorvos sinadari ne mai bin iska. Baza kayan a inuwa a kan tamfol mai tsabta, a wuri mai iska, ana juyawa na wasu kwanaki, sannan a sake bi da shi ta injin busa, yana rage shi. Amma riɗi mai ne da shi, yana riƙe magani fiye da dawa ko masara, don haka kada ka yi wa kowa alkawarin zai sauka ƙasa da 0.01 sai sabon gwaji ya nuna. Wata dabara da za a kawo maka ita ce a gauraya gurɓataccen da mai tsabta har adadin ya sauka. Ka guje ta. Dokar Turai ta 2005 kan ragowar magungunan ƙwari ta hana gauraya don tsarma adadi, Risala ma ta hana, kuma a aikace sau da yawa gaurayawar ba ta daidaita, sai a ɗebi samfuri daga inda maganin ya taru, ka yi asarar mai kyau da maras kyau baki ɗaya.

Sai magana da mai saye. Wannan ita kawu zai fi tsoro, ita ce kuma ta fi sauƙin warwarewa fiye da yadda yake zato. A rubuta masa tun kafin ranar lodi ta ƙarato, a ce gwajin cikin gida ya gano matsala a wani kaso, an ware shi, ana neman ƙarin mako biyu ko uku, ko a tura kwantena biyu yanzu ɗaya daga baya. In da wasiƙar lamuni ta banki ake cinikin, wato takardar da banki ke ɗaukar alkawarin biyan kuɗin kaya da ita, sai a nemi ya gyara ranar lodi da yawan kaya a cikinta kafin wa'adinta ya ƙare, in ba haka ba banki zai ƙi biya ko da kayan lafiya lau ne. A kuma gayyato kamfanin duba kaya mai zaman kansa, irin SGS ko Intertek, su ɗebi samfuri da hannunsu su rufe kwantena da hatiminsu. Wannan yana kwantar wa mai saye da hankali, kai kuma ya ɗauke maka matsin lamba, tunda samfurin ya bar hannunka. Yana iya neman ragi, yana iya ma soke wani ɓangare. Asara ce, amma wadda za a iya lissafawa a je wa banki da ita a nemi sassaucin biya, ba irin ta kayan da aka tsare a tashar jiragen ruwa ta Rotterdam a Turai ba.

Barazanar zuba kayan a kasuwar gida ita ce wurin da nake so ka fi tsayawa, domin nan ne mutane da yawa suke sakin jiki. Sai ka ga mutum ya ƙi cutar Bature don yana tsoron na'urarsa, amma ya juye wa mai kantun riɗi da mai tuyar mai a unguwa, saboda su ba su da ɗakin gwaji. In gaskiyarka ta tsaya a inda ake iya kama ka, tsoro ne kawai. Yaron da zai sayi kantu a bakin makaranta haƙƙinsa ɗaya da na mai cin burodi a Jamus. Wannan ba ya nufin dole a ƙone kayan. Bayan an shanya an sake gwaji, a kai sakamakon ofishin NAFDAC a nemi matsayinsu a rubuce. In ya dace da ci, a sayar tare da nuna wa mai saye takardar. Akwai kuma ƙasashen da iyakarsu ta bambanta da ta Turai, sayar musu halal ne muddin ka tabbatar da dokarsu kuma ka ba su sakamakon gaskiya. In bai dace da ci ba, sai a nemi masu matse mai don sabulu da man shafawa, a rubuta a yarjejeniya cewa ba na abinci ba ne, tunkuzar ma ba ta dabbobi ba ce.

Game da zaman da za ku yi, kada ka tare shi a ofis gaban ma'aikata, kada kuma ka shiga da sunayen masanan Turai, zai ga kamar karatun da ya biya ne ake yi masa gori da shi. Same shi a gida bayan isha'i, da takarda mai lissafi biyu, abin da za a rasa in an faɗi gaskiya, da abin da za a rasa in an kama kaya a can. Ka fara da godiya, ka ce masa, "Kawu, duk abin da zai fitar da mu daga wannan zan yi, ko kwana zan yi a sito, amma wannan guda ɗaya ba zan iya ba, kuma ina jiye maka abin da zai biyo baya." In ya ƙi ji, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, limaminsu ko wani dattijo a harkar da ya taɓa ganin an maido kaya. Mahaifiyarka kuwa ka bar ta sai in babu makawa, kada a sa ta tsakanin ɗanta da ƙaninta.

Yana iya yiwuwa duk da haka ya sa wani ya yi. In ta kai ga haka, ka ajiye kwafin sakamakon farko, ka rubuta masa a taƙaice cikin ladabi cewa kaso kaza bai cika sharaɗi ba kuma ba ka amince a yi amfani da sunanka ko sa hannunka ba, ka nemi a sauya maka aiki ko ka ajiye. Kai ƙara wurin hukuma mataki ne mai nauyi, kuma ina ganin yana zama wajibi idan sabon gwaji ya nuna adadin da zai cutar da masu ci, aka kuma dage sai an sayar a matsayin abinci. Ko da an kai nan, ka ci gaba da zuwa gaishe shi, kada ka yanke zumunci, kada kuma ka baza maganar a dangi.

In Allah Ya sa kuka haye, kafin kaka ta gaba ka roƙi kawu abu uku a rubuce. A daina shigar da fiya-fiya sito kwata-kwata, in ƙwari sun kama a kira masu lasisi su yi turaren maganin ƙwari na fostoksin a ƙarƙashin tamfol a rufe ruf na kwana biyar zuwa bakwai, sannan a buɗe ya sha iska. A riƙa saye a sababbin buhuna, kowane kaso da lambarsa da sunan wanda ya kawo, kada a haɗe su a inji sai sakamako ya fito. Kuma a riƙe wani kaso na kuɗin dillali har gwaji ya dawo, a gaya masa haka tun ranar da aka yi ciniki.